Motar Alhaji Badamasi Tana Rawa a Casa'in

Ranar Talata da hantsi Alhaji Badamasi ya mari Muttaka a tsakiyar garejin da ke bakin hanyar Malam Madori, a gaban mutane sun kai talatin. Ba marin tsoratarwa ba ne, mari ne na gaske, wanda sai da hular Muttaka ta tashi ta faɗa cikin baƙin mai. Muttaka kuwa ba yaro ba ne. Shekararsa goma sha tara yana gyaran ƙafar mota a Haɗejiya, yana da mata da 'ya'ya huɗu, gemunsa har ya fara tsilli-tsillin furfura. Haka ya tsaya da sifana a hannu, kunnensa yana ƙugi, Alhaji yana nuna shi da yatsa yana kiransa ɓarawo.

Abin da ya jawo marin wata a-kori-kura ce fara mai ƙofa huɗu, wadda Alhaji yake zagaya gonakinsa na shinkafa da ita a fadama. A tsakiyar damina ya kawo ta, Muttaka ya canza mata boljoyin da tayarod na ƙafar gaba, don ramukan hanya sun cinye su. To tun daga wannan makon motar ta ɗauko wani sabon hali. A cikin gari lafiya lau, a sittin ma lafiya lau, amma da allurar maleji ta taɓa casa'in sai ta kama rawa, har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Alhaji ya sa sababbin tayoyi a gaba, an yi balansin sau uku, ya kai ta Kano sau biyu, rawa tana nan daram. A zuwan ƙarshe wani bakanike mai son a yaba masa ya ce ai wanda ya taɓa ƙafar ne ya kwashe kayan asali ya zuba jabu. Wannan maganar Alhaji ya ɗauko da zafinta tun daga Kano, bai sauke ta ko'ina ba sai a kuncin Muttaka.

Garejin yana da doka, kuma Malam Sa'idu, tsohon da ke shugabantar ƙungiyar kanikawa, ba ya ɗaga ta don kowa. Duk wanda aka zarga da musanya kayan mota, ana rufe akwatin kayan aikinsa da kwaɗon ƙungiya har sai an bincika. In abin ya tabbata, zai bar garejin, a kuma aika sunansa Gumel da Kafin Hausa da Malam Madori, ta yadda ko ƙusa ɗaya ba zai ƙara kwancewa ba a ƙasar nan. Malam Sa'idu ya ɗana kwaɗon da hannunsa, bai iya kallon Muttaka ba. Ya ce ranar Asabar bayan la'asar za a zauna.

Da Muttaka ya koma gida, mahaifiyarsa Inna Binta tana zaune a gindin darbejiya tana tsintar shinkafa a faranti. Ta ɗaga ido ta ga shatin yatsu a fuskarsa.

"Wa?" ta ce.

"Badamasi, Inna."

"Badamasin dai?"

"Shi."

Ta mayar da kanta kan faranti ta ci gaba da tsinta, amma har da ƙwayoyin shinkafa masu kyau take zubarwa.

Domin wannan ba shi ne karo na farko da Alhaji Badamasi ya taɓa gidan nan ba. Mahaifin Muttaka, Malam Kolo, masunci ne, a kan kogin Haɗejiya ya yi rayuwarsa duka. Tun wata shekarar ambaliya da ruwa ya ci ƙaninsa a gabansa, yana gani bai iya komai ba, ya ɗaura wani kambu a damtse, bai ƙara cirewa ba. Da ya rasu shekara bakwai da suka wuce, masu wanka suka ga kambun, magana ta fita ƙofar gida. Alhaji Badamasi ba limami ba ne, ba alƙali ba, ɗan kasuwa ne da ya saba tashi bayan sallah yana yi wa mutane nasiha ko ba su nema ba. An riga an jera sahu, sai ya ɗaga murya ya ce shi ba zai sallaci wanda ya mutu da shirka a damtsensa ba. Ya zura takalmansa ya tafi. Masu yi masa ƙodago da masu sayen shinkafarsa da masu jin tsoron bakinsa suka zare ɗaya bayan ɗaya suka bi shi. Inna Binta tana leƙe ta kafar ƙyauren zaure, ta ƙirga waɗanda suka rage suka sallaci mijinta. Mutum goma sha ɗaya ne, har da liman.

Ba ta taɓa yin kukan abin a gaban kowa ba, amma ba ta manta lissafin ba. Muttaka ma bai manta ba. Ya ci gaba da gyara wa Alhaji mota ne kawai don a gareji ba a zaɓar wanda za a yi wa aiki, kuma yana jin daɗin mutumin nan ya tsaya a rana yana jiransa. Yanzu ga shi ya haɗa masa da mari da sunan sata. Ya zauna a ƙofar ɗakinsa ya kasa cin tuwo, zuciyarsa tana tafasa. Ba wankewa kaɗai yake so ba. So yake Alhaji ya ɗanɗana yadda mutum yake ji idan aka tsayar da shi a tsakiyar jama'a aka tuɓe masa mutunci.

Washegari ya je wurin Bitrus, mai faci, mutumin Filato da ya girma a Haɗejiya, wanda shi kaɗai ne yake da injin balansin a layin. Bitrus ya ja masa benci ya miƙa masa ruwa.

"Oga Muttaka, wallahi abin da aka yi maka bai yi min daɗi ba. Tayoyin nan sau uku ina ɗora su a inji, lafiyarsu ƙalau. Na gaya masa, ya ce bakinmu ɗaya."

"Na baya fa? Ka duba su?"

"Duka huɗun. Babu wadda ta kumbura, babu rim ɗin da ya lanƙwashe." Bitrus ya sosa ƙeya. "Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Rannan wani noti ya gangara ƙarƙashin motar, na kwanta zan ɗauko. Kafin kaina ya shiga, sai na ji an fizgo ni ta ƙafa. Alhaji ne da kansa, da babbar rigarsa. Wai kada in ɓata masa lokaci, zai saya min wani notin. Kuma ka tambayi masu wankin mota na bakin gada, tun damina ya hana su wanke ƙasanta. Sama kawai."

Muttaka ya ajiye kofin a hankali. Bai san mene ne a ƙarƙashin motar ba, amma ya san mutumin da yake shiga laka kullum ba ya hana a wanke masa ƙasan mota don tausayin masu wanki. Ya tuna kuma ranar da ya yi aikin gaba, a kan jak ya yi shi, kuma ranar Alhaji bai damu da inda ya sa kansa ba. Ke nan koma mene ne, bayan nan ya zo. Ya yi wa Bitrus godiya, ya roƙe shi ya zo zaman Asabar.

Ranar Asabar gareji ya cika tun kafin la'asar. Kanikawa, direbobin tasha, masu sayar da kayan gyara, har mai shayin bakin titi ya bar tukunyarsa. Mutanenmu ba sa wasa da kallon shari'a, balle wadda aka fara da mari. Alhaji ya iso cikin farar shadda, carbi a hannu, ya zauna a kujerar da aka goge masa. Ya maimaita ƙararsa da ayoyi a ciki, ya yi bayani a kan amana da makomar maha'inta, har wasu suna gyaɗa kai.

Da aka ba Muttaka dama, bai yi rantsuwa ba, bai kare kansa ba.

"Baba Sa'idu," ya ce, "ni tunda motar nan ta fara rawa ban taɓa shiga cikinta ba. An yanke min hukunci a kan ciwon da ban gani ba. A bar ni in ji rawar da jikina, kai da Bitrus kuna ciki. Alhaji ya tuƙa da kansa, don kada a ce na yi wani siddabaru."

Babu yadda za a ƙi wannan. Suka shiga su huɗu, Alhaji a sitiyari, Muttaka a gefensa, Malam Sa'idu da Bitrus a baya. Kafin a tayar, Muttaka ya cire takalmansa ya ajiye tafin ƙafarsa a kan ƙarfen ƙasan motar, ya ture tabarmar roba gefe.

"Masallaci ka shigo?" Alhaji ya ce yana taɓe baki.

"A'a, Alhaji. Haka babana yake yi a kwalekwale. Da tafin ƙafa yake sanin inda ruwa yake juyawa a ƙasa."

Alhaji ya murza makulli.

Suka fita gari suka miƙi titin Malam Madori. Kaka ta yi, ruwan da ambaliya ta bari ya ja baya ya koma kududdufai, ana ta yankan shinkafa ana shanyawa a gefen kwalta. Allura ta hau sittin, ta hau saba'in, mota tana tafiya sumul. A tamanin da biyar Muttaka ya fara jin wani ɗan ƙaiƙayi a dugadugansa. A casa'in abin ya taso gaba ɗaya. Kujeru suka ɗauki ɓari, madubin tsakiya ya dushe har ba a gane fuskar Malam Sa'idu a ciki, wani ƙugi ya cika motar.

"Ka ji aikinka!" Alhaji ya daka tsawa. "Ka ji abin da ka yi min!"

Muttaka ya miƙa hannu ya ɗora yatsu biyu a kan sitiyari. Ya juya baya.

"Baba, miƙo hannunka ka taɓa nan."

Tsohon ya miƙo hannu ta kan kafaɗar Alhaji ya taɓa. Sitiyarin yana nan tsaye, ɗan motsin da yake yi na jikin motar ne kawai.

"In ƙafar gaba ce, wadda na taɓa, da yanzu sitiyarin nan yana fizgar hannun Alhaji hagu da dama. Ko ba haka ba, Baba?"

"Haka ne," Malam Sa'idu ya ce.

"Alhaji, ɗan taɓa birki kaɗan, kada ka tsaya."

Ya taɓa. Rawar ba ta ƙaru ba, ba ta canza ba, sai da gudun ya sauka sannan ta lafa. Ke nan ba birki ba ne. Muttaka ya sa aka sake hawa casa'in, sannan ya ce a taka kuloci a saka giya a firi. Ƙarar inji ta faɗi ƙasa, mota tana gangarawa da kanta, amma rawar tana nan yadda take. Ke nan ba inji ba ne. Ya rufe ido ya bar ƙafarsa ta yi sauran aikin. Ya matsar da ita gaba wajen inji, abin ya ragu. Ya dawo da ita baya, ƙarƙashin kujera, kusa da tudun da ya raba shi da direba, nan ya ji abin yana hawa masa har gwiwa.

"Bitrus, rawar taya yaya take?"

"Jijjiga ce, Oga. Kana iya ƙirga bugunta."

"Wannan fa, ƙirga min."

Bitrus ya kasa kunne, ya girgiza kai. "Wannan ba ta ƙirguwa. Ta yi sauri da yawa."

"To abin da yake rawa ya fi taya saurin juyawa. A ƙarƙashin motar nan abu ɗaya ne yake juyawa haka, yana bin gudun mota ba gudun inji ba." Ya buɗe ido ya kalli Alhaji. "Farfela ce. Dogon ƙarfen da ya taso daga giya zuwa ƙafar baya. Ni kuwa ban taɓa ta ba. Mu koma a hau da ita kan ramin duba mota."

Motar ta ɗan yi tangal-tangal a kan titi, kuma wannan karon ba farfela ba ce, hannun direba ne. Muttaka ya gani. Wani sanyi mai daɗi ya sauka a ƙirjinsa, irin wanda rabonsa da shi shekara bakwai.

Da suka dawo gareji jama'a sun ƙaru. Malam Sa'idu ya faɗi abin da aka gani a hanya, ya ce a hau da mota kan rami. Sai Alhaji ya duba agogo, ya ce magariba ta kusa, yana da baƙi daga Kaugama. Ya gyara murya ya ce shi dai don Allah ya yafe wa yaron nan, a buɗe masa akwatinsa, magana ta wuce.

"Ban yi laifin da za a yafe min ba," Muttaka ya ce, da ƙarfi yadda na bayan rumfa ma za su ji. "In aka buɗe akwatina da yafiya, gobe duk wanda motarsa ta yi tari zai ce ɓarawon da Alhaji ya yafe wa ne. Baba, ko a hau rami, ko Alhaji ya tsaya a inda ya mare ni ya ce ƙarya ya yi min."

Ido ya koma kan Alhaji. Mutumin da ya shekara ashirin yana gyara wa mutane zama ba zai iya buɗe baki ya ce ya yi ƙarya ba, ko da wuƙa a wuyansa. Ya yi lissafinsa a tsaye: laka ta rufe komai, kuma a ganinsa abin da yake ɓoyewa ba ruwansa da wata rawa. Ya ce a hau, amma mutum ɗaya ne zai shiga ramin, ba ya son a yi masa tarzoma a ƙarƙashin mota.

Muttaka ya karɓi tocila da aron sifana a hannun Bitrus, ya sauka. Ƙasan motar duk baƙar lakar fadama ce, ta bushe ta yi tauri kamar gindin tukunya. Ya bi farfela da haske tun daga giya. Ƙusoshinta a ɗaure, mahaɗanta ba sa wasa, ba ta lanƙwashe ba. Sai a tsakiya, a saman wani ƙarfe da ya gitta ya kare ta daga ido, ya ga wani dunƙule a manne a gefe ɗaya, ya kai girman dunƙulen hannu. Ya ƙwanƙwasa da sifana, laka ta ɓare kaɗan. A ƙarƙashi ya ga robar tiyub an naɗa ta tam sau da yawa, da waya a kai, sannan gefen jar fata mai ɗinkin dukawa.

Muttaka ɗan Kolo ne. Ko a mafarki ya ga wannan ɗinkin ya san shi.

Bai ankara ba sai ya ga farar shadda ta sauko a bakin ramin. Alhaji ya durƙusa, gwiwoyinsa a cikin baƙin mai, ya sunkuyo da kansa ƙarƙashin ƙofa kamar mai duba aiki. Muryarsa ta koma ƙasa-ƙasa.

"Muttaka. Wannan ba shi ba ne. A jikin ƙarfe yake a zaune, ba ya motsi. Ka bar shi."

"Ƙarfen nan juyawa yake yi, Alhaji. Ya fi taya juyawa sau uku ko huɗu."

Alhaji ya ƙura wa ƙarfen ido. A fuskarsa Muttaka ya ga lokacin da maganar ta shige shi: wata uku na yawon gareji, tayoyi, Kano sau biyu, mari, duk a kan abin da ya kwanta da kansa a cikin gidansa ya ɗaura. Ya guji salansa, bututun hayaƙi, don kada zafi ya ƙona fatar, ya zaɓi ƙarfe mai sanyi mai santsi, bai san yana juyawa ba.

"Ka rufa min asiri," ya ce. "Ka yanke shi ka sa a aljihu, ka ce laka ce. Zan tsaya a gaban kowa in ce ka fita. Ka san abin da ya same ni. Tunda 'yata Kamila ta rasu a hanyar nan, in na kama sitiyari hannuna rawa yake yi. Tsoro ne, Muttaka, wallahi tsoro ne kawai."

Muttaka ya sani. Duk garin an sani. Bara da damina motar haya ta faɗa da 'yar Alhaji a inda ruwa ya cinye kwalbati, tana komawa makaranta, Muttaka ma yana cikin waɗanda suka je gaisuwa. Ya tsaya da tocila a hannu, ya ji tausayi ya taso masa, tausayi na gaske, har ya kai hannu aljihu ya ga ko dunƙulen zai shiga. Da ya yi haka, da an buɗe akwatinsa, da kowa ya tafi gida. Sai kalmar nan ta tsoro ta sake dawo masa, ya ga damtsen tsoho siriri a kan tabarmar wanka, ya ji ƙarar takalman mutane suna barin sahu.

"Babana ma tsoro ne, Alhaji," ya ce. "Ruwa ne ya ci ƙaninsa yana kallo. Shi bai samu bakin roƙonka ba, a kwance yake."

Ya fito daga ramin ta ɗaya gefen, ya karkaɗe hannu.

"Jama'a, na ga ciwon. Amma kada in cire a ce daga aljihuna na fito da shi. Kowa ya durƙusa ya kalli tsakiyar farfela. Bitrus, saka ta a firi, ku tura min ita taku biyu."

Mutane suka zube a ƙasa, wasu a gwiwa, wasu rub da ciki, manya da rigunansu. Aka tura mota a hankali. A hasken tocila kowa ya ga farfela ta juya, dunƙulen ya sauko ƙasa, ya zagaya, ya koma sama, ya sake saukowa.

"Bitrus, darma nawa kake manna wa taya ta daina rawa?"

"Wani lokacin bai kai kan ɗan yatsa ba."

"To ku dubi wannan."

Ya koma ramin, ya datse wayar da fulaya, ya warware robar a hankali, ba ya gaggawa ko kaɗan. Ya fito ya tsoma abin a bokitin ruwan faci, ya cuɗe lakar da babban yatsa, ya ɗora a kan bonet ɗin farar motar. Laya ce ƙatuwa, jar fata, sabon ɗinki, da wani ƙarfe a cikinta da ya ba ta nauyi. Ruwa yana gangarowa daga jikinta a kan farin fenti.

Kowa ya zuba wa layar ido. Sai mai shayi, wanda Alhaji ya taɓa tsinke wa ɗansa laya a wuya a bakin masallaci, ya ce, "La ilaha illallahu. Alhaji, ko aljanu ne suka ɗaura maka?" Wani ya tuntsire da dariya, dariyar ta kama ko'ina, har da masu riƙe ciki. Malam Sa'idu bai yi dariya ba. Ya ce a bar surutu, ba a gama ba, sai an gwada. Shi da Bitrus da direbobi biyu suka fita da motar, suka bar Alhaji a tsaye a gefen rami da baƙin mai a gwiwoyin shaddarsa, ba wanda ya miƙa masa kujera. Muttaka ya jingina da akwatinsa yana ƙirga mutane da ido, a hankali, har sau biyu don kada ya yi kuskure.

Bayan minti ashirin suka dawo. Malam Sa'idu ya fito ya ce sun kai ɗari da goma, ko ruwa aka ɗora a kofi ba zai zube ba. Ya ciro makulli ya buɗe kwaɗon da ke akwatin Muttaka. Sannan ya juya ya ce, "Alhaji, a nan ka kira shi ɓarawo."

Alhaji ya buɗe baki, abin da ya fito bai fi raɗa ba. Aka ce ba a ji ba. Ya sake faɗa, ya ce ya zalunce shi, ya yi masa ƙazafi. Wani daga baya ya ce saura marin, a rama. Muttaka ya kalli kuncin Alhaji, ya kalli tafin hannunsa, ya ce a bar shi, hannunsa da datti. Ya ɗauki layar da yatsu biyu ya miƙa masa a gaban kowa.

Kowa ya zaci Alhaji zai yi jifa da ita ya ce bai san ta ba. Bai yi ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya zura ta a aljihun gaba, ya shiga motarsa. Ya hau titi a hankali, bai fi gudun keke ba, motar da yanzu za ta iya ɗari da goma. Dariyar ta mutu da kanta. Muttaka ya bi shi da kallo har ya sha kwana, ya nemi nadama a ransa, ya samu 'yar kaɗan, bai kuma bar ta ta yi girma ba.

Ya isa gida ana kiran magariba. Inna Binta tana kan tabarma da butarta. Ya durƙusa a gabanta ya ba ta labari tun daga cire takalmi har zuwa aljihun Alhaji, bai rage komai ba, har maganar Kamila da roƙon da aka yi masa a bakin rami. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya ambaci yarinyar ta ce Allah ya jiƙanta, ita ba ta yi wa kowa komai ba. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Mutum nawa ne a wurin?"

"Arba'in da uku, Inna. Na ƙirga sau biyu."

Ta riƙa motsa leɓe, tana lissafi da yatsunta a kan cinya. Sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza. Kukan da ba ta yi ba a bayan ƙyauren zaure shekara bakwai da suka wuce, shi ta zauna ta yi, Muttaka yana durƙushe yana riƙe mata butar. Da ta gama ta share ido, ta karɓi butar ta fara alwala.

"Gobe ka je maƙabarta," ta ce. "Ka gaya wa babanka."